Rantsuwar Shekara

Da hantsi ya ɗaga, Hajiya Habsatu kan fito daga sashenta da kwano rufe da faifai, tana jan ƙafarta mai ciwo, ta nufi ɗakin matar ɗanta. Shekara ta san ƙarar takalmin nan. Da zarar ta ji shi sai yawu ya tarar mata a baki tun ba a ɗaga labule ba.

"Tashi, 'yar nan. Yau na ƙara citta da masoro, ko bakinki ya buɗe."

Kunun kanwa ne mai kauri, irin wanda ake dama wa mai jego, an zabga masa sukari. Shekara ba jego take ba. Ta ba arba'in baya, autarta Zuhra ma tana karatu a Yamai. Amma Hajiya ta ce jikin da ya zube irin wannan zubewa, abincin jego kaɗai ke tayar da shi. Kuma kwanon Hajiya ba ya komawa da saura. Babba ya dama da hannunsa, ya kawo maka har ɗaki, ka mayar masa da rabi? Wannan raini ne a ko'ina cikin Matameye, balle a gidan Alhaji Sa'adu mai motocin rake. Saboda haka tsohuwar kan zauna a bakin gado, ta ciro carbi, ta jira a miƙo mata kwano wayam.

Abin da Hajiya ba ta sani ba, tumbin da take ɗura wa kunun nan bai fi ƙwan kaza ba. Wata huɗu da suka wuce, a wani asibiti a Tunis, likitoci suka raba tumbin Shekara, suka bar mata 'yar ƙaramar jaka a sama, suka jawo hanji suka ɗinke da ita. Ciwon sukari da ƙiba ne suka kai ta can, don sai da ta kai ba ta iya sujada sai a kan kujera. Aiki ya yi kyau. Likitan ya yi mata kashedi ta bakin tafinta: cokali huɗu ko biyar a zama guda, ban da yaji, ban da zaƙi mai yawa, kuma kullum ta sha maganin da ke kare ɗinkin. Ya nuna mata hotunan ƙwayoyin ciwon jiki, irin waɗanda kowa ke afawa a garinmu in ya gaji, ya ce a wurinta waɗannan guba ne, suna cin ɗinkin har ya zama gyambo. Alhaji Sa'adu yana tsaye a wurin. Har tambaya ya yi, aka maimaita masa.

Ranar da za su dawo gida ne ya ce ta yi alwala, ya ɗauko Alƙur'ani ya ajiye a gabanta.

"Kin san Hajiya," ya ce. "Kin ji abin da ta faɗa a kan matar nan ta Maraɗi da aka yi wa irin wannan aiki. Wai wanda ya sa aka yanke abin da Allah ya halitta don a rame, ya raina Mahalicci, in ɗanta ne ba ta yafe masa nononta ba. Kina so uwata ta yi mini baki? Duk wanda ya tambaya, ƙari aka cire miki a mahaifa, shi ke nan. Ko Rahama ƙanwarki kada ta ji. Dafa."

Ta dafa. A lokacin abin bai yi mata nauyi ba. Mutum ya kawo ta ƙasar da ba ta taɓa mafarkin zuwa ba don ta samu lafiya, me ye wata 'yar rufa-rufa?

Yanzu ga ta da kwano a hannu. Kurɓa biyar na farko sukan shiga. Daga nan sai ta ji abin ya tsaya mata a ƙirji, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Ta ɗaga kai ta dubi Hajiya, Hajiya ta yi mata nuni da haɓa ba tare da ta katse tasbihi ba. Sai ta ci gaba. Kafin ta ga gindin kwanon gumi ya jiƙe mata riga, zuciyarta na dukan uku-uku, ɗakin na juyawa.

"Kin gani? Gumi ke nan, ciwon yana fita," in ji Hajiya, ta karɓi kwanonta da murna. "Allah ya yi miki albarka."

Tana fita, Shekara za ta rarrafa bayan ɗaki ta amayar da shi duka, ta tura ƙasa da ƙafa ta rufe.

Ta yi wa Alhaji maganar wata safiya yana sa hula a gaban madubi.

"Alhaji, kunun nan zai kashe ni."

"Subhanallahi. Kunu ne zai kashe mutum? Ki riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan mana."

"Tana zaune sai na shanye."

"To ba kina amayarwa ba in ta fita? Tsohuwa ce, Shekara, ga hawan jini. In na faɗa mata yau ta yanke jiki ta faɗi, wa za a ce ya kashe ta? Ki ƙara haƙuri. Bari a gama rake in samu natsuwa, zan zauna da ita."

Aka gama rake. Sai ya ce bari bikin jikar Hajiya ya wuce, kada a ɓata mata rai a cikin hidima. Biki ya wuce, sai tafiya ta taso masa. Ana cikin haka maganin da ke kare ɗinkin ya ƙare. Akwai shi a farmasin bakin tasha, amma mai farmasin sahu ɗaya suke salla da Alhaji, in ya ga odonans, takardar maganin da likitan Tunis ya rubuta, zai yi tambaya, tambaya kuwa a garin nan ba ta kwana a inda aka yi ta. Alhaji ya ce zai taho da shi daga Kano. Sau uku yana zuwa Kano. Ya taho mata da atamfa, ya taho da turare, ya taho da wani takalmi mai kyau da ya yi mata yawa.

Ita kuwa tana ta zubewa. Da ma aikin don ta rage aka yi shi, amma wannan ramar ta wuce wadda likita ya faɗa. Masu zuwa dubiya sukan yi turus a bakin ƙofa. Hajiya Jamilatu maƙwabciyarsu, wadda bakinta ba ya da linzami, ta tafa hannu ta ce, "Shekara, ke ce kuwa? Awarwaro har gwiwar hannu!" Suna fita zaure aka fara ƙus-ƙus. Wasu suka ce ciwon zamani ne, wasu suka ce Alhaji ne ya karye, tukunyar gidan ta ragu. Wannan ta biyun ce ta iso kunnen Hajiya Habsatu, ta kuwa ƙona mata rai.

"Ni ɗana ne ba ya ciyar da iyali? Matar da in za ta wuce sai ta cika ƙofa? Wallahi sai na mayar da ke yadda kike, ko don bakin mutane."

Daga ranar kwano ya zama biyu. Kunu da hantsi, farfesun kayan ciki da yajin jego bayan azahar. Kada a zalunci tsohuwar nan a cikin labarin, son Shekara take yi. Da ciwon ƙafarta take tsugunawa gaban murhu, hayaƙi na shiga mata ido, ba ta yarda kowa ya dama kunun nan sai ita. An faɗa mata ƙarya, ta ɗauka, ta yi aiki da ita da zuciya ɗaya. Wanda ya san gaskiya yana wucewa ta gaban murhun kullum, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce sannu da aiki.

Ciwon ya soma ne kamar an ajiye garwashi a ƙasan ƙirjinta. In ta ci ya taso, in ba ta ci ba ya taso. Wata Juma'a Alhaji ya dawo daga masallaci ya shigo ɗakinta, ya zauna a kujera yana latsa waya, Hajiya na bakin gado. Shekara ta dunƙule, hannu biyu a ciki, nishi ya ƙwace mata.

"Af, ciwo ne? Ai da kin faɗa." Hajiya ta kwance bakin gyalenta. Jajayen ƙwayoyi ne a ƙulle, irin waɗanda take saya wurin ɗan akwaku mai yawo da tiren magani a ka. "Biyu nake sha, gwiwar nan ta sake ni har yamma. Ungo."

Shekara ta gane su. Su ne na farko a hoton da likitan Tunis ya nuna mata. Ta juya ta dubi mijinta.

"Alhaji."

Bai ɗago ba.

"Alhaji, ka ga maganin da Hajiya ta ba ni."

"Kai kuma miƙo mata ruwa mana, ka zauna kana kallon waya," in ji Hajiya, wadda ba ta kiran sunansa don ɗan fari ne.

Ya tashi. Ya buɗe firigo, ya zuba ruwa a kofi, ya miƙo mata yana kallon labule. Ta jira ko zai ce wani abu, ko da tari ne. Da ta ga ba zai ce ba, sai ta afa ƙwayoyin ta kora da ruwan.

Abin takaicin, ciwon ya lafa na 'yan sa'o'i. Hajiya ta samu hujja. Daga nan biyu da safe, biyu da yamma. Shekara ta gwada ɓoye su a kunci tana tofarwa daga baya, har ranar da tsohuwar ta tsinci guda shida a ƙarƙashin tabarma. Ba ta yi faɗa ba, kuka ta yi, ta ce ashe 'yar nan zarginta take, ashe tana ganin wani abu take ba ta. Shekara ta durƙusa ta ba da haƙuri. Bayan wannan sai ta haɗiye ta buɗe baki an duba, kamar yarinyar goye.

Bayan gidanta ya koma baƙi kamar kwalta. Tafin hannunta ya yi fari fat, in ta miƙe tsaye sai ta dafa bango. Da ta faɗi a bakin rijiya ne Alhaji ya sa ta a mota ya kai ta wani ƙaramin asibiti a bayan gari. Majon wurin, babban ma'aikacin jinya, ya ja fatar idonta ya duba, ya ɗaga rigarta ya ga ƙananan tabo biyar.

"An taɓa yi mata aiki?"

"Ƙari aka cire mata," in ji Alhaji da sauri.

"Dosiyen fa, takardun aikin?"

"Ya ɓata a hanya."

Dosiyen yana cikin akwatin ƙarfe a ɗakin Alhaji, a ƙarƙashin takardun motoci, Shekara ta ga lokacin da aka kulle shi. Majo ya dube ta, ya ce, "Haka ne?" Ta sunkuyar da kai. Ya rubuta abin da ake rubuta wa mai ƙarancin jini, ya ce ta riƙa cin abinci sosai. Ba laifinsa ba ne, abin da aka faɗa masa ya yi wa magani. A hanyar dawowa Alhaji ya ce, "Kin ji dai, jini ne kawai ya yi ƙasa." Ya faɗe shi da sakin fuska, har ta fahimci shi ma so yake ya yarda.

Gidan cike yake da mutane. Ana daka, ana wanki, rediyo na magana a tsakar gida, matan ƙannen Alhaji na shewa. Ita tana kwance a ɗaki tana kallon fanka, in wutar kuran ta ɗauke ta kalli rufin. Ba ta taɓa sanin mutum zai iya kaɗaici haka a gidan da ya yi shekara ashirin da shida a ciki ba. Duk wanda ya leƙo ya ce ya jiki, sai ta ce da sauƙi, don amsar gaskiya tana bayan rantsuwa. Rahama ta kira daga Icirnawa.

"Yaya, muryarki ta sauya. Me ke damun ki ne wai?"

"Zafin garin nan ne, Rahama."

"Ki faɗa mini don Allah. Mu biyu muka rage."

Shekara ta toshe bakin wayar da hannu har kukan ya wuce, sannan ta ce, "Ya yaran?"

Zuhra kuma jarrabawa take, ba a ɗaga mata hankali. Sau da yawa Shekara ta yi tunanin aika wa wani malami tambaya, ko rantsuwa irin wannan tana ɗaure mutum har kabari. Da ta tambaya, da kowane malamin kirki ya ce mata ta warware tun jiya, rai ya fi. Amma tambayar ita kanta faɗa ce, faɗa kuma shi ta rantse ba za ta yi ba. Ta tashi tana jin cewa wanda ya dafa Littafi ya saɓa ba ya gamawa lafiya, wannan tsoron kuwa ya zauna mata daram. Abu ɗaya aikin Tunis ya ba ta wanda ba a ƙwace ba: yanzu tana iya kai goshinta ƙasa. A nan take daɗewa. Allah ne kaɗai rantsuwar ba ta hana ta gaya wa ba, sai ta riƙa gaya masa dalla-dalla, har da adadin ƙwayoyin da ta haɗiya.

Wata Talata bayan azahar, tana tsakiyar farfesun Hajiya, ta ji kamar an soka mata wuƙa a ƙasan ƙirji an murɗa. Kwanon ya suɓuce. Karo na farko ta yi amai a gaban surukarta, amai baƙi-baƙi da gudajin jini. Cikinta ya sandare kamar katako, ko numfashi ta ja sai ta ji shi har kafaɗa. Hajiya ta fasa salati, gida ya rikice. Aka kira Alhaji daga tasha. Wannan karon bai yi maganar asibitin bayan gari ba, ya ce a miƙe Damagaram.

Hajiya ta ce ƙafarta ƙafarsu. Ita ta ɗora kan Shekara a cinyarta a bayan mota, tana tofa mata addu'a, tana share mata gumi da gyale. Duk ramin da mota ta faɗa Shekara sai ta ga duhu. Ta ji an ce sun wuce Kance, daga nan ba ta ƙara sanin hanya ba sai da ta ji ana gungura ta a kan gado mai taya.

Likitan tiyatar da ya karɓe ta sunansa Dokta Marwan, siriri ne mai gilashi, ba shi da yawan magana. Ya taɓa cikinta, ta yi ƙara. Ya dubi tabon nan biyar, ya daɗe yana kallo.

"Wa ye mijinta? Alhaji, wane aiki aka yi mata?"

"Ƙari aka cire a mahaifa."

"Mahaifa tana ƙasan cibiya. Waɗannan a sama suke." Ya cire gilashin ya goge. "Wani abu ya fashe a cikinta, dole in buɗe ta yanzu. In an taɓa sauya mata hanyar abinci ban sani ba, zan shiga ina lalube, ita kuma ba ta da lokacin lalube. Don Allah nake tambayar ka."

Alhaji ya matso kusa da shi. "Likita, ko za mu ɗan fita waje?"

"Waje ina?" in ji Hajiya. "Ni na haife ka. Me za a faɗa a kan 'yar nan da ba zan ji ba? Faɗi a nan."

Shekara ta buɗe ido da ƙyar. Tana ganin sa a ƙarshen gado, babbar riga, hula zanna, mutumin da direbobi goma ke rawar jiki in ya yi tsawa. Ya dubi uwarsa, ya dubi likita. Ita ce bai duba ba.

"Babu komai," ya ce. "Ƙari dai suka ce mana."

A nan wani abu ya sauka daga zuciyar Shekara. Ba fushi ba ne, fushi yana buƙatar ƙarfi. Ta dai gane cewa in ta yi shiru, za a wanke ta gobe da safe, mutumin nan ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, yana cewa kwana ne ya ƙare. Ta ji tsoron Littafin da ta dafa, tsoro na gaske. Ta ɗaga yatsa.

"Likita."

Ya sunkuyo.

"Tumbi aka yanke mini. A Tunis. Suka ɗinke da hanji. Wata takwas ke nan." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Maganin ɗinkin ya ƙare tuntuni. Ina shan jar ƙwayar ciwon jiki, huɗu kullum."

Dokta Marwan ya miƙe. Ya juya ya ba da umarni da Faransanci, gadon ya fara tafiya. Abin da ta ji na ƙarshe kafin ƙofa ta rufe shi ne muryar Hajiya tana cewa, "Me ta ce? Kai, me ta ce aka yanke?"

Gyambon ya cinye ɗinkin har ya huda. Likita ya yanke wurin da ya ruɓe, ya sake jawo hanji ya yi sabon ɗinki, aka ƙara mata jini leda huɗu. Jakar da ta rage mata yanzu ba ta ma kai ta da ba. Da ta farfaɗo ya gaya mata a hankali cewa da an ƙara rabin yini, da ba shi za ta gani ba. Ya ce dole a kawo masa dosiyen Tunis. Washegari dosiyen da ya ɓata a hanya ya iso cikin leda, direba ya kawo.

Kwana goma sha biyu ta yi a gadon nan. Rahama ta zo jinya, ta zauna tana kuka tana cewa, "Yaya, har ni?" Ana kwana na biyar ruwan shuka ya sauka, dole ta koma Icirnawa. Sauran kwanakin Shekara ta yi su tana kallon majinyatan wasu suna fifita su, suna ba su ruwa a baki. Alhaji kan zo bayan kwana biyu-biyu. Ya bi gadaje yana gaida marasa lafiya, ana sa masa albarka, ya tsaya a ƙarshen nata ya ce, "Ya jiki?" Ta ce da sauƙi. Hajiya ba ta zo ba.

Bakin uwar nan fa, da aka kusa binne mace saboda tsoronsa? Kwana biyu ya yi. Hajiya ta rufe ɗaki ta yi kuka, ta ƙi amsa gaisuwar ɗanta. A rana ta uku ya durƙusa a gabanta ya ce Shekara ce ta matsa masa, ta hana shi sakat sai an yi mata aikin, shi kuma tausayi ya ci ƙarfinsa. Hajiya ta ce ta yafe masa duniya da lahira, ta ce ya tashi ya ci abinci, ya rame.

Ranar da aka dawo da Shekara gida, tsohuwar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

"Da kin faɗa mini, 'yar nan. Kin bar ni ina ɗura miki guba da hannuna. So kika yi ki sa ni kisan kai da tsufana?"

Shekara tana jingine da matashi, ɗinki na ja mata. Ta ce, "Hajiya, ranar da kika fara ba ni ƙwayar nan, wa ya miƙo mini ruwa?"

Hajiya ta kawar da kai. Leɓenta ya motsa, ta kama bakin ƙofa. Na ɗan lokaci Shekara ta zaci za ta shigo ta zauna.

"Namiji ne," in ji ta a ƙarshe. "Me ya sani a kan ciwon mata?" Ta saki labule, ƙarar takalminta ta yi nisa.

Bayan mako guda Alhaji ya shigo da fara'a, kamar mai albishir.

"Na yi wa Malam tambaya a kan rantsuwar da kika karya, ban dai faɗi suna ba. Ya ce kaffara ce, a ciyar da miskinai goma. Kada ki damu, ni zan ɗauki nauyi. Jibi za a dafa."

Ta dube shi. Ta ga da gaske jira yake ta yi godiya.

Ranar aka yanka tunkiya, aka dafa shinkafa, ƙamshi ya cika unguwa. Aka kira tsofaffin mata goma, gwauraye da gajiyayyu na unguwar, aka shimfiɗa musu tabarmi a tsakar gida a inuwar darbejiya. Babu wanda ya ce musu kaffara ce. Abin da aka faɗa shi ne Alhaji yana sadakar godiya, Allah ya tashi kafaɗar iyalinsa. Daga ɗaki Shekara tana jin su. Ga kokonta a ƙaramin kofi, ta sha cokali uku ta ajiye.

"Allah ya ƙara wa Alhaji buɗi," in ji wata murya, ta gane ta Iya Fati ce mai sayar da daddawa. "Miji ke nan. Ya kai ta ƙasar waje, ya kai ta Damagaram, yau ga sadaka. Hajiya, kin haifu."

"Amin, amin," in ji Hajiya.

Shekara ta sauko da ƙafafunta daga gado. Ta yafa mayafi, ta tallafe cikinta da hannu ɗaya, ɗaya hannun a bango. Tsakanin gadonta da ƙofa taku bakwai ne, sai da ta huta sau biyu. Da ta ɗaga labule matan suka ɗago kai, suka hau yi mata sannu. Alhaji yana bakin zaure da waya a kunne.

"Iyayena, ku ci, halal ne," ta ce. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma tsakar gidan ta yi tsit. "Sai dai ba sadakar godiya ba ce, kaffarata ce. Tumbi aka yanke mini a Tunis, Alhaji ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan faɗa ba. Wata takwas ina riƙe da rantsuwar, ana ba ni abin da ke kashe ni yana kallo. Da na ga mutuwa sai na kasa. Laifin da ake ciyar da ku a kansa ke nan. Ku roƙa mini gafara."

Iya Fati ta tsaya da loma a hannu. Wata ta ce innalillahi a hankali. Hajiya ta ja gyale ta rufe fuska.

"Shekara," in ji Alhaji daga bakin zaure, murya ƙasa-ƙasa. "Koma ɗaki."

"Zan koma. Na gama."

Ta saki labule, ta bi bango ta koma gadonta. Ta kasa kunne ko wani zai biyo ta, ko don faɗa ne. Babu wanda ya zo. Can sai ta ji an ci gaba da cin abinci a hankali, cokula na taɓa faranti, don masu yunwa ne kuma naman ya yi laushi.

Kafin la'asar labarin ya gama gari, aka yi mako ana juya shi a wurin daka da bakin tasha, sannan aka samu wani aka koma kansa. Shekara tana nan da ranta a ɗakin nan, tana cin cokali ukunta, Rahama ce ke aiko mata da magani daga farmasi. In ka je Matameye yau ka tambayi Alhaji Sa'adu mai motocin rake, za a ce maka mutumin kirki ne, mai biyayya ga mahaifiya, har sau biyu ya sa aka yi wa iyalinsa aiki bai gaji ba. Matar ce dai Allah bai ba ta riƙon sirri ba.